Sitika Ba Za Ta Buɗe Lungun Dutsin-Ma Ba: Martani Ga Mai Son A Sayar Mana Da Ƙofar Gida

Malam, na karanta rubutunka na kwanakin baya har sau biyu, na farko a gurguje, na biyu kuma da biro a hannu. Shawararka ita ce ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi su fito da takardar izinin ajiye mota a unguwanni. Kowane magidanci ya biya wani abu a shekara, a ba shi sitika ya manna a gilashi, wanda ba shi da ita kuwa in ya yi fakin a layin a ci shi tara, ko janwe ta zo ta yi awon gaba da motar. Ka ce haka ake yi a Landan. Ka ce mazauna unguwa ne za su ci moriyar abin, ka ƙara da cewa asusun ƙaramar hukuma ma zai ɗan ji ɗumi. Ni mazaunin unguwa ne, irin waɗanda ka ce don su kake magana, kuma ban yarda ba.

Sai dai kafin in ja da kai, bari in ba ka gaskiyarka. Matsalar da ka gani ba ƙirƙirarta ka yi ba, ni kaina ta taɓa cizona. Wani daren Talata, wayewar garin Laraba ranar kasuwa, wajen ƙarfe biyu, naƙuda ta kama matar ƙanena. Muka fito da fitilar waya, sai muka tarar wata kanta maƙare da buhunan masara ta toshe bakin lungunmu, tsakaninta da bango ko akuya sai ta karkata kafin ta wuce. Direba ya kulle motarsa ya tafi ya kwanta inda Allah kaɗai ya sani. Yaron motar da muka tashe shi daga kan kwali a ƙarƙashinta ba shi da makulli, lambar maigidan nasa kuma a kashe. Ƙarshenta a kan babur aka fitar da baiwar Allah ta ɗaya ɓangaren, ƙanena na tuƙi, gwaggonmu na riƙe da ita ta baya tana salati, har bakin titi inda wani maƙwabci ya zagayo da motarsa. Allah ya sauke ta lafiya. Amma har yau in na ga babbar mota ta doso layinmu da yamma, gabana sai ya faɗi.

To yanzu Malam, mu ɗauka a wannan daren akwai tsarin da kake so. Me zai canza? Direban nan ba zai nemi sitika ba, ba zai ma san da ita ba. Jami'in da zai duba gilashin motoci ƙarfe biyun dare yana gidansa yana barci, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Janwe da za ta iya jan kanta da lodinta, sai dai a aika Katsina, tafiyar kusan kilomita 60, a hanyar da ba kowa ke son binta da dare ba. Abu ɗaya tak ne zai bambanta: maƙwabcin da ya kai mu asibiti zai kasance ya biya kuɗin ajiye motarsa a ƙofar gidan da ya gada daga ubansa. Kantar tana nan inda take.

Me ya sa ma direban ya kwana a lungunmu? Wannan tambayar ce rubutunka ya tsallake, kuma ita ce tushen maganar. Ba don yana son ƙofar gidanmu ba ne. Shekarun nan da tsaro ya taɓarɓare a wannan yanki, direban da ke da hankali ba ya yarda magariba ta yi masa a daji. Wanda a da zai taso da asuba ya iso kasuwa da hantsi, yanzu tun la'asar ɗin Talata yake shigowa gari, ya nemi wurin da akwai mutane da haske ya lafe, don kada a kwashe masa kaya ko a zuƙe masa mai. Wurin da ya fi masa kwanciyar hankali shi ne tsakiyar gidajen jama'a. Matsalarmu ke nan, rashin makwancin manyan motoci mai tsaro. Ka duba ciwon ciki ka rubuta maganin ido.

Bari mu je Landan ɗin da ka kai mu. Tsarin can yana tsaye ne a kan abin da mu ba mu da shi. Kowane gida yana da lamba, kowane titi yana da suna a rubuce, kowace mota an yi mata rajista da sunan mai ita da adireshin da yake kwana, kuma hukumar unguwa tana da sunansa a kundin masu biyan harajin gida. In mutum ya ce ni mazaunin layi kaza ne, cikin minti biyu kwamfuta za ta gaskata shi ko ta ƙaryata shi. A Amurka ma, shari'ar da ta tabbatar da halaccin irin wannan tsari a 1977, ta gundumar Arlington ce, inda ma'aikatan ofisoshin da ke kusa suke zuwa kullum safiya su cika titunan wata unguwa da motocinsu har yamma. Ka ga can baƙon sananne ne, ɗan gida ma sananne ne, kuma baƙon kullum yake zuwa, ba abin da yake ƙarar mutanen unguwar da shi sai hayaƙi.

A Dutsin-Ma wane ne mazaunin unguwa? Ka zo mu ƙirga. Gidanmu na gado ne, mu huɗu ne magidanta a ciki, ƙofa ɗaya, kuma filin da ke gabanta mota ɗaya yake ɗauka. Wa za a ba sitikar? Babban wa, ko wanda ya riga zuwa sakatariya? Motar da maƙwabcina yake hawa, takardunta har yau sunan wani mutumin Kaduna ne a jiki, wanda shi ma a hannun wani ya saya, lambarta kuma ta Legas. Wannan ba baƙon abu ba ne, motocin gari da yawa haka suke. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ta daɗe a garin, unguwanni irin su Hayin Gada da Kadangaru da Darawa sun cika da 'yan haya. Akwai malamin da ke kwana uku ko huɗu a ɗakin haya ya koma wa iyalinsa a Katsina ko Kano ko Zariya ranar Alhamis. Akwai ɗalibin da ya biya kuɗin ɗaki hannu da hannu, ba rasit ba yarjejeniya. Sannan akwai waɗanda suka fi ba ni tausayi, mutanen ƙauyukan Safana da Batsari da Ɗanmusa da na cikin Kurfi da Dutsin-Ma kanta, da 'yan bindiga suka taso, suka raɓe a gidajen dangi. Wani daga cikin duk abin da ya mallaka, tsohuwar motar da ya kwaso iyalinsa a ciki ce kaɗai ta rage masa, da ita yake ɗan jigila yana ciyar da su. Da wace takarda zai nuna cewa shi ɗan layin ne?

Na san amsar da za ka ba ni: mai unguwa ya sa hannu, kansila ya tabbatar. Nan ne fa gizo ke saƙa. Duk wanda ya taɓa neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma don yaronsa ya shiga makaranta, ya san yadda sa hannu ɗaya yake zama zarya ta mako biyu, da na goro, da "dawo gobe, oga ya fita". Kana so ka ƙara wata ƙofar da talaka zai tsaya a bakinta yana murza hula. Kuma ranar da aka ce sai an tantance wanda ya cancanta, ranar ce za a fara raba mutanen layi ɗaya gida biyu, ɗan gari da baƙo, ɗan jam'iyyarmu da ɗan waccan. Garin da jami'a ta kawo masa mutane daga kowace kusurwa ta Nijeriya, kuma masu gidajen haya da masu shaguna suke ci daga gare su, ba ya buƙatar takardar da za ta riƙa tuna wa mutum cewa shi ba ɗan nan ba ne.

Wani abin dariya, aikin da tsarin naka ya dogara a kansa yana cikin ayyukan da kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi tun asali. Jadawali na huɗu ya lissafa raɗa wa tituna suna da sanya wa gidaje lamba, kamar yadda ya lissafa kafa tashoshin mota da kasuwanni da kula da su. Ka zaga lungunanmu ka gani. Lambar da ke jikin ƙofarmu da alli aka rubuta ta, masu rigakafin shan-inna ne suka bar mana. In za ka yi wa ɗan aike kwatancen gidana, sai ka ce masa ya wuce masallaci, ya sha kwanar mai ƙosai, gida na uku mai bishiyar bedi. Hukumar da ba ta kai ga ƙirga gidajen ba, ita kake so ta fara sayar da filin da ke gabansu.

Sai kuma batun wanda zai biya. A rubutunka ka nuna kamar masu hali ne za a tatsa, tunda ai mai mota mai kuɗi ne. Ka sake dubawa. Mai kuɗin gaske a Dutsin-Ma yana da get, yana da gareji, motocinsa uku suna kwana a cikin gida, maigadi na zaune a kan benci. Ba ruwansa da sitikarka. Mai babur, wanda shi ne mafi yawa, da isha'i yake cicciɓa shi ya haye dokin ƙofa ya kai zaure, don ba mai barin babur a waje a wannan zamani. Wa ya rage? Direban Golf ko Sharon da ke jigilar Katsina, wanda ɗaki biyu yake haya. Malamin firamare da ya ci bashin ƙungiya ya sayi tsohuwar mota, wadda tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 sai ranar Juma'a da ranar biki take motsawa, sauran kwanaki tana lulluɓe da tamfol, kaji na shan inuwa a ƙarƙashinta. Mai Keke Napep da yake biyan balas kullum yamma. Waɗannan su ne masu ajiye abin hawa a waje, ba don sun raina hanya ba, don ba su da cikin gidan da za su sa shi. Harajin naka kansu zai sauka.

Kuma ƙofar gida a wurinmu ba wurin fakin kawai ba ce, Malam, kai ma ka sani. Nan ake shimfiɗa tabarmar ɗaurin aure, nan ake raɗin suna, nan ake zaman makoki. Lokacin da mahaifinmu ya rasu, kwana uku layinmu bai rabu da motoci ba, daga Kurfi, daga Kankiya, daga Malumfashi, har daga Maraɗi. Ba wanda ya roƙi kowa, maƙwabta da kansu suka janye nasu motocin suka kai bakin titi don masu gaisuwa su sami wuri, wani ma ya buɗe garejinsa aka zuba kujeru. A Landan baƙo ma sai mai gida ya saya masa tikiti na awa ko na yini. Ka tsaya ka hango shi a nan: mutum ya taso daga Batsari ya zo yi maka ta'aziyya, ya fito daga zaure yana shafa addu'a, ya tarar an sace masa iskar taya don ba shi da takardar baƙunta. Da wane ido za ka dube shi?

Kada ka ce mu ba mu da ƙa'ida sai ta Turawa. Malaman Malikiyya sun daɗe da yin bahasi a kan filin da ke manne da bangon gida ta waje, wanda suke kira fina'i. Hukuncin a taƙaice shi ne, mai gida ya fi kowa haƙƙin amfani da shi, ya zauna, ya ɗaure dabbarsa, ya sauke kayansa, amma ba mallakinsa ba ne da zai gine, kuma da zarar ya cutar da mai wucewa haƙƙinsa ya faɗi. Wani magini na birnin Tunis, Ibn al-Rami, tun ƙarni na 14 ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafinsa na dokokin gini. Inda a da ake ɗaure jaki da doki, nan yau ake ajiye mota, hukuncin bai tsufa ba. Abin da dattawan layinmu suke bi ke nan ko da ba su san sunansa da Larabci ba. Sitika kuwa juya abin take yi. Wanda ya biya ya sami hujjar toshe hanya, in ka yi magana ya nuna maka gilashi ya ce da kuɗinsa ya saya. Wanda bai biya ba ya rasa haƙƙin da yake da shi tun kaka da kakanni.

Ka ce ai kuɗin ba zai taka kara ya karya ba, ɗan abin da kowa zai iya ne. Haka ake faɗa ranar farko a ko'ina. Abin tsoro a irin wannan tsari ba ranar da aka kafa shi ba ne, sauye-sauyen da ke biyo baya ne, lokacin da mutane suka riga suka saba, ba su da wata mafita. Tunda Landan kake so, ga labarin Landan. A 2011 hukumar unguwar Barnet ta ɗaga kuɗin izinin motar farko daga fam 40 zuwa fam 100 a shekara, tikitin baƙo kuma daga fam 1 zuwa fam 4. Wani lauya mazaunin unguwar ya kai ƙara, mutane suka yi masa karo-karo, a watan Yulin 2013 babbar kotu ta ce ƙarin haramun ne, domin an yi shi ne don tara kuɗin wasu ayyuka, ba don tsara ajiye motoci ba. Dole hukumar ta mayar wa mutane kuɗinsu. A Jamus shekara da shekaru doka ta ƙayyade kuɗin bai wuce kimanin Yuro 30 ba. Da aka cire wannan linzami a 2020, birnin Freiburg ya mayar da nasa Yuro 360 a 2022, ninki goma sha biyu a tashi ɗaya. Kotun tarayya ta rushe dokar birnin a 2023, amma ka lura, ba don ta ga kuɗin ya yi yawa ba. Cikin abubuwan da ta ce ba su da madogara a doka har da rangwamen da aka yi wa masu ƙaramin ƙarfi.

To can ke nan, inda mutum ɗaya zai ja da hukuma har ya kayar da ita, a kuma biya shi. Direban Golf na Unguwar Kudu wane lauya zai ɗauka? Ba sai mun yi nisa ba ma, Abuja ta ishe mu misali. An fara karɓar kuɗin fakin a titunanta wajen 2012, aka miƙa aikin ga kamfanoni masu zaman kansu, yaransu suka riƙa garƙame tayoyin mutane da ƙarfe suna jan motoci, sai ka biya a sake ka. A watan Afrilun 2014 babbar kotun birnin tarayya ta ce tsarin ba shi da dokar da ta kafa shi. Ban taɓa haɗuwa da wanda aka mayar masa da ko kwabo ba. Ni kaina a wani gari da ba zan kama suna ba, na taɓa tsayawa sayen magani, minti biyar ban yi ba na fito na tarar da samari uku sanye da riga mai ƙyalli sun kewaye motar, ɗaya har ya shige gaba ya zauna. Tarar da suka ambata da wadda muka daidaita a kai, da wadda aka rubuta a rasit ɗin da ba hatimi, uku ne mabambanta. Wannan shi ne ma'aikacin da zai aiwatar da shawararka, ba Baturen da ka gani a hoto ba.

Akwai kuma abin da masu irin wannan tsari suka daɗe da gani: mota ba ta ɓacewa don an hana ta wani layi, layi na gaba take komawa. In aka killace layukan da ke kusa da kasuwa, na bayansu za su cika, su ma su yi kuka, a faɗaɗa iyaka, a ƙara masu biya, har abin ya game gari. Wanda ya gaji da biya kuma zai nemi dabara. A Ingila mutane suka dinga tumɓuke shuke-shuken gaban gida suna zuba siminti don mota ta shiga. A nan abin da za a yi na sani: a fasa zaure a mai da shi gareji, a sare bedin ƙofar gida, a cike lambatu da ƙasa don taya ta sami hawa. Damina ta zo, ruwa ya rasa hanya, ya shiga ɗakin tsohuwar da ko keke ba ta da shi.

Maganar kuɗin shiga kuwa, ban ƙi ta ba gaba ɗaya. Na san akwai masana, irin su Donald Shoup na Amurka, da suka yi shekaru suna cewa barin titi kyauta ga masu mota zalunci ne ga marasa mota, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma misalin da shi kansa ya fi kafa hujja da shi, tsohuwar unguwar kasuwanci ta Pasadena, inda aka sa mitoci a 1993, sharaɗinsa shi ne kuɗin da aka tara a titi ya koma kan titin nan, a gyara shi, a share, a sa fitilu, kowa yana gani. Kuma masu zuwa sayayya ne ke biya. Kai kuma kana so mai gida ya biya, kuɗin ya tafi sakatariya. Dokar haraji ta 1998 da ta raba wa kowane mataki na gwamnati abin da zai karɓa, ta riga ta ba ƙananan hukumomi kuɗin tasha da tarar fakin ba bisa ƙa'ida ba, ga kuɗin rumfunan kasuwa, ga na kara. Kowace Laraba ana yankar rasit tun safe har yamma. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa kason ƙananan hukumomi ya riƙa zuwa hannunsu kai tsaye. Kafin a buɗe sabuwar ƙofar karɓa, ba laifi ba ne in mun nemi a nuna mana inda na tsofaffin ƙofofin yake shiga.

Wani abu da ya ɗan sosa mini rai a rubutun naka shi ne yadda ka kira motocin kasuwa "annoba". Malam, mun taɓa ganin Larabar da babu wannan annoba. A watan Satumbar 2021, lokacin da gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, har da Dutsin-Ma, aka kuma katse layukan waya a nan da Kurfi da maƙwabtanmu, titi ya yi fayau. Ka ajiye motarka duk inda ka ga dama. Ka tambayi mai tuwo-tuwo, da ɗan dako, da mai faci, da mai shayi, da dillalin kara yadda suka ji daɗin wannan sarari. Baƙon da ke cika mana layi ranar Laraba shi ne abincinmu na mako. Ba korarsa za a yi ba, masauki za a yi masa.

Kurfi kuwa, ban ma san abin da ya sa ka jawo ta cikin maganar ba, in ba don mazaɓarmu ta tarayya ɗaya ba ce. Can ne dangin mahaifiyata suke, ina zuwa a kai a kai. In ka cire bakin babban titin Katsina da ranar kasuwa, ina cunkoson yake? Ka shiga cikin gari ka ce wa dattijo ya biya kuɗin ajiye mota a filin da ya isa a yi sukuwar doki, ka ji abin da zai faɗa maka.

Za ka ce na rushe ban gina ba. To ga abin da muka yi a layinmu bayan wancan dare. Mai unguwa ya kira shugabannin 'yan kamasho da na direbobi, aka zauna a kan tabarma bayan la'asar, ba a fi rabin awa ba. Aka kafa ƙarafa biyu a bakin lungu, tazarar da ƙaramar mota za ta shige amma babba ba za ta iya ba. Aka yarda duk direban da zai kwana a kusa ya bar makulli da lambar waya wurin mai shayin bakin titi, wanda dama ba ya barci. Kuɗin ƙarfe da na mai walda mu muka haɗa. Tun daga ranar ba a sake toshe mu ba. Ban ce wannan ya warware matsalar gari ba, don na san motocin da muka hana wani layin suka koma, kuma wannan ne ya sa aikin ya fi ƙarfin mai unguwa.

Abin da ya rage na hukuma ne, kuma yana cikin huruminta. Ta ware fili kusa da kasuwa, ta kewaye shi, ta sa fitila mai aiki da hasken rana, da masu gadi, da famfo, da banɗaki, da ɗan wurin sallah. Ta zauna da ƙungiyoyin direbobi da masu manyan motoci a yanka kuɗin kwana da kowa ya sani, a rubuta a allo a bakin ƙofa. Direban da ke kwana da fargabar a sace masa batir zai biya da murna, don ya sayi barci. Bayan an yi wannan, sai a ce babbar mota ba ta kwana a lungu, kuma a nan ne jami'an kula da hanya na jiha, 'yan KASSAROTA, za su yi amfani, don sun san abin da suke nema, ba sai sun leƙa gilashin kowa ba. Masu gina dogayen gidajen kwanan ɗalibai da jerin shaguna da wuraren biki kuma, waɗanda suke cinye filinsu har bakin kwalta su bar wa maƙwabta motocin baƙinsu, hukumar tsara birane ta daina sa musu hannu sai sun bar wuri. Su ne ya kamata a matsa wa, ba malamin firamare ba.

Ina gayyatarka, Malam. Ka zo ranar Talata da la'asar, ka kwana a wurina, akwai ɗaki. Mu zaga da littafi mu ƙirga motocin da suka toshe hanya, mu ware na 'yan layi da na 'yan kasuwa, mu tambayi direbobi goma abin da ya hana su kwana a wani wuri. In lissafin ya ba ka gaskiya, ni zan fara manna sitikar. Kafin nan, roƙona ga shugabannin ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi da kansilolinsu shi ne, in wannan shawara ta iso teburinku, kada ku ba da kwangilar buga sitika. Ku nemo filin makwancin motoci tukuna.